Awon da ba na jini ba

Shekara 6 ke nan ina fama da ciwon suga, kuma duk zuwana likita abu ɗaya ake aunawa. A soki yatsa, na'ura ta nuna lamba, a ƙara mini metformine ko a bar ni yadda nake. Da an ce "ya jiki?" sai in ce alhamdulillahi, kamar kowane ɗan Damagaram.

Makon jiya ɗiyar ƙanwata, mai karatun aikin jinya, ta same ni a shagona na ɗinki a Zango da wata takarda cikin Faransanci. Ta ce, "Kawu, yau zuciyarka zan auna." Na yi dariya, don na ɗauka wasa take yi.

Tambayoyi 17 ne. Sunan awon DDS, wato awon damuwar masu ciwon suga, masana a Amurka suka fitar da shi a 2005. Kowace tambaya za ka ba ta maki daga 1 zuwa 6, gwargwadon yadda abin ya dame ka a watan da ya wuce. Wasu kan nauyin ciwon a rai, wasu kan magani da abinci, wasu kan likita, sai guda 3 kan iyali da abokai. A haɗa makin a raba da yawan tambayoyin, in ya kai 3 to damuwar ta yi yawa. Ta ce wannan daban yake da ciwon damuwa na ƙuncin rai, gajiya ce da ɗawainiyar sugan kansa.

Na farkon duk 1 nake ba su. Ina ganin ƙorafi rashin godiyar Allah ne. Sai ta ajiye takardar ta ce, "Kawu, ranar sunan nan da aka miƙo fura aka tsallake ka, me ka ji?" Nan bakina ya mutu. Na tuna yadda aka ce da ƙarfi, gaban mutane, "kar a ba shi, mai suga ne." Na tuna shayin majalisa da na daina zuwa, don na gaji da bayani. Ga tsoron yanke ƙafa da nake kwana da shi, wanda ko uwargida ban taɓa faɗa wa ba.

Muka koma tun daga farko. Awon ya ba da 3,4.

Takardar tana cikin aljihun rigata, tare da katin likita. Ranar Talata nake da ganin likita.