Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Abin da Inna ta Binne a Garin Kwaki

Makon jiya na tsaya a inda alƙali ya tura Auta gidan yari ya jira zama na gaba, kan wayar da ya saya a unguwar PZ, ashe ta sata ce. Kwana uku Inna ba ta sa komai a cikinta ba sai ruwan shayi. A na huɗu ta ce in shirya, ni zan je, tunda ƙafa ta hana ta, Baba kuma ya rantse ba zai taka ƙofar wurin ba.

Ƙarshen 2019 ne, hunturu ya fara kankama. A shekarar ne Shugaba Buhari ya sa hannu a dokar da ta mai da sunan gidan yari zuwa gidan gyaran hali, ni kuma na riƙe sabon sunan don ya fi sauƙin fita a baki. Da na faɗa wa mai Keke a Tudun Wada, sai ya waiwayo ya ce, "Hajiya, gidan yari dai ko?" Na gyara mayafi na ce eh.

Inna ta haɗa kaya kamar za a kai amarya: kular tuwon shinkafa da miyar taushe, garin kwaki, ƙuli-ƙuli, suga, madarar gwangwani, man shafawa a kwalba, sabulu, reza, cokali, da bargon Baba da ta ɗauko ba da saninsa ba.

A bakin ƙofa aka rubuta sunana, da sunan wanda na zo gani, da abin da ya haɗa mu. Na nuna katin zaɓe, aka karɓi wayata aka ajiye, wata gandiroba ta laluba ni har cikin ɗankwali. Sannan aka zo tebur. Nan na ga kayan Inna suna raguwa ɗaya bayan ɗaya. Reza da cokali gefe, ƙarfe ne. Madara gefe, bakin gwangwani ma wuƙa ne in an wasa shi. Man shafawa sai da na sayo leda a waje aka juye, domin kwalba ba ta shiga. Sabulu aka raba shi biyu aka leƙa cikinsa.

Sai aka buɗe kula, aka ce, "Bismilla, ɗanɗana."

Ranar Alhamis ce, ina azumi. Don Auta ma na ɗauke shi. Na ce, "Yallaɓai, azumi nake." Ya ce, "Allah ya karɓa. Amma wanda ya kawo abinci shi ke fara ci, kada wani ya turo wa wani guba ko ƙwaya da hannunki. Ko ki ci, ko ki koma da shi." Wata tsohuwa a bayana, wadda da gani ta saba da layin, ta taɓa kafaɗata ta ce, "Nafila ce, 'yata. Ci ki rama, yaro na jira." Na gutsuri tuwo na dangwali miya. Ban taɓa jin loma ta yi min nauyi a maƙogwaro haka ba.

Ina cikin haɗiya aka zazzage garin kwaki a faranti. Wani ƙullin baƙar leda ya faɗo tim. Wallahi ban san da shi ba. Aka kwance: 'yan dubu-dubu guda biyar, da ƙaramar laya ɗinkin jar fata. Layin ya yi tsit, ni kuwa na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Wani dattijon gandiroba ya matso ya ce, "Wa ya haɗa kayan nan?" Na ce mahaifiyarmu. Ya gyaɗa kai kamar wanda ya ji amsar nan sau ɗari. Ya ce in da wani abu ne daban aka samu a ƙullin, da yau a ciki zan kwana, kuma "ban sani ba" ba ta fid da mutum. Kuɗi ba a hana kawowa ba, ɓoyewa aka hana. Ofis ake kai su, a rubuta adadin a littafi da sunan mai su, ya riƙa karɓa kaɗan-kaɗan in buƙata ta taso. Ya ce sabon shiga da dubu biyar a aljihu, a ɗaki mai cike da maza, ba gata aka yi masa ba. A lokacin haushinsa na ji. Yau da na san wurin, na ba shi gaskiya. Aka ƙirga kuɗin a gabana, aka rubuta. Layar kuwa ya miƙo min ya ce, "Wannan ki mayar wa Mama, ki ce ta bi shi da addu'a, ita ba ma bincikar ta."

Ganin namu bai fi 'yan mintuna ba. Auta ya rame, wuya ya fito. Kafin gaisuwa ya ce, "Yaya, Inna fa?" Na ce lafiyarta ƙalau. Ya ce yawancin 'yan ɗakinsu irinsa ne, masu jiran shari'a, wasu sun shekara. Ya roƙe ni in daina wahalar tuwo, ci ɗaya ne ya ƙare. Gari da ƙuli da suga su ne ke rage wa mutum dogaro da gabza, abincin gidan yari. Ya ce in zo da sabulu da yawa da maganin ƙaiƙayi, amma in bar shi a kwalinsa, sai ma'aikacin lafiya ya duba kafin a ba shi.

Na tarar da Inna zaune a zaure, inda ba ta taɓa zama ba. Ba ta tambayi ko ya rame ba. Ta ce, "Ya ga saƙona a cikin garin?" Layar tana jakata, tare da reza da cokali. Na ce, "Ya gani, Inna." Ta ɗaga hannu sama, ranar ta ci abinci. Ni kuma na tura layar can ƙasan akwatina, ƙarƙashin atamfofin aurena.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan ba ku labarin neman wanda zai tsaya wa Auta beli, da yadda Kawu ya ce ba ya gari alhali ga takalmansa a ƙofar ɗaki.