Baba da "rawar 'yan Sin" a soron gidanmu

Wata takwas kenan da Baba ya samu shanyewar ɓarin jiki. Da asuba ne, ya ɗauki buta zai yi alwala sai ta suɓuce masa, baki ya karkace, magana ta ƙi fita. Daga Tudun Wada muka kwashe shi sai asibitin koyarwa na ABU da ke Shika. Hawan jini ne, wanda ya daɗe yana wasa da shan maganinsa. Likita ya ce jijiya ce ta toshe a ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa, shi ya sa ɓarin dama ne ya saki.

Ƙafa da hannun ma da sauƙi wallahi, abin da ya fi ci min rai shi ne kan. Mutumin da ya yi shekara arba'in yana ɗinkin babbar riga, aska takwas a kansa take ba ya duba zane, yanzu sai ya fara magana ya tsaya a tsakiya yana kallonka ya manta inda ya dosa.

Ana kai shi fisiyo, wato sashen gashi da motsa gaɓɓai na asibiti, amma in an dawo gida atisayen da aka ba shi ƙememe yake ƙi, tsoron faɗuwa yake, ya taɓa zamewa a bakin banɗaki tun daga nan shikenan. Wata rana ina dube-dube a YouTube na ci karo da tsofaffi suna Tai Chi a zaune kan kujera. Motsa jiki ne na ƙasar Sin, asalinsa dabarar faɗa ce daga ƙauyen Chen a lardin Henan, a 1956 aka taƙaita shi zuwa motsi 24 don kowa ya iya, har UNESCO, hukumar raya al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa shi cikin al'adun duniya a 2020. Sai da na nuna wa mai fisiyon tukuna, ta ce a fara a zaune, kada a bar shi shi kaɗai, kuma magani na nan daram ba a daina ba.

Ranar farko da na kunna masa ya harare ni ya ce, "Kai ɗan nan, da furfurata za ka sa ni rawar 'yan Sin?" Umma tana dariya a tsakar gida. Kawu kuma cewa ya yi a bincika kar ya zama bautar wani abu ne. Na ce Kawu numfashi ne da ɗaga hannu fa, babu wanda ake kira.

Mun fara da wanda suke cewa hannun gajimare. Hannu ɗaya ya wuce ta gaban fuska a hankali, ɗayan yana ƙasa wajen cibiya, ƙugu ya juya, ido ya bi tafin hannun, sai a sauya. In kana kallo kamar wasa, amma gwada ka gani, dole ka riƙe wane hannu ne a sama, ina za ka juya, yaushe za ka ja numfashi, duk a lokaci guda, kuma ni a ganina nan ne amfaninsa yake, don ƙwaƙwalwa da maimaici take buɗe sabuwar hanya ta kewaye inda ya lalace, ga shi kuma ba gaggawa balle mutum ya tsorata. Hannun daman da farko ni nake tallafe masa gwiwar, rawa yake kamar ganye.

Bayan wata biyu muka miƙe tsaye, yana dafe da bayan kujerar katako (ta roba zamewa take, kar ma ku fara). Ya ɗora nauyi kan hagu, ya mayar kan dama a hankali, ya ƙirga. Minti goma bayan la'asar, in ya gaji a bari.

Ban ce ya warke ba, allura har yanzu ba ta zama a yatsunsa, kuma fisiyon da maganin duk suna da nasu kason. Amma shekaranjiya ni na rikice na ɗaga hagu maimakon dama, sai ji na yi ya ce, "A'a, ba haka ba ne, sake daga farko."