Asabar a filin ƙwallon kwando

Yau bayan sallar La'asar na raka ɗan yayana filin ƙwallon kwando na unguwarmu a nan Zariya, domin mahaifinsa ya ce in je in ga mutumin da yaron yake kira Koci, wanda a cewarsa ya fi jin maganarsa fiye da ta kowa a gidan. Da na ga mutumin sai na gane shi. A zamanin da muke sakandare, shi ne wanda ake cika fili don a kalla a gasar makarantu, har 'yan wasu makarantu sukan tsallako katanga idan aka ce zai buga. Yanzu furfura ta fara fito masa, yana kuma ɗan ɗingisa ƙafar hagu. Ya ce mini bayan sakandare ya buga wa jiha na wasu shekaru, sai gwiwa ta ci amanarsa, ya koma koyar da motsa jiki a wata makaranta, da yamma kuma yana horar da yaran nan kyauta.

Abin da ya ba ni mamaki shi ne, tsawon rabin sa'a bai bari kowa ya jefa ƙwallo a kwando ba. Ya jera su a kan simintin da ya tsattsage, kowa ya rage tsawo, ya ware hannuwa, suna jan ƙafa zuwa dama da hagu, shi kuma yana bin su da usur a baki yana daidaita wa wannan kafaɗa, yana ture ƙafar wancan. Da aka ba su hutu, yaronmu ya zo yana haki ya ce, "Baffa, ka ga abin da nake faɗa maka? Kullum tsaro, kullum tsaro, alhali ni na fi kowa cin maki a makarantarmu."

Kocin ya ji shi, ya yi murmushi, ya ce da ni, "Malam, ni ma haka na faɗa a shekarunsa. Ku tambaye shi ko ya san yadda Ime Udoka ya samu shiga."

Yaron ya san sunan, amma a matsayin kocin ƙungiyar Houston Rockets ta NBA, babbar gasar ƙwallon kwando ta Amurka, kawai, don haka muka zauna a kan benci muka ba shi labarin tsakaninmu. An haifi Udoka a 1977 a birnin Portland na Amurka, mahaifinsa ɗan Akwa Ibom ne, kuma a makarantar sakandare ta Jefferson da ke birnin ya fara yin suna. Sai dai da ya kammala a jami'ar Portland State a 2000, babu ƙungiyar NBA ko ɗaya da ta zaɓe shi. Ya yi ta yawo a ƙananan gasanni na Amurka, ya buga a Ajantina da Faransa da Sifaniya, Los Angeles Lakers ta ɗauke shi a 2004 ya buga wasa 4 kacal aka sallame shi. Sai da ya kusa shekara 30, a kakar 2006 zuwa 2007, ƙungiyar garinsu, Portland Trail Blazers, ta ba shi dama, ya fara wasa 75 a sahun farko, ba don yawan cin maki ba, sai don an san idan aka haɗa shi da gwanin abokan hamayya zai hana shi sakat. A tsakanin haka ya sa rigar Najeriya a gasar duniya da aka yi a Japan a 2006, ya kuma ci tagulla da ita a gasar Afirka ta 2005 da ta 2011.

Wannan ɓangaren na labarin ne ya fi zauna mini. A ganina, shekarun da Udoka ya yi yana zaman benci, yana sauya ƙungiya da ƙasa, yana koyon tsarin kowane koci cikin gaggawa don kada a kore shi, su ne makarantar horarwarsa. Gwanin da komai ya zo masa da sauƙi ba kasafai yake iya bayyana wa yaro yadda ake yin abu ba, domin shi kansa bai taɓa tsayawa ya warware shi dalla-dalla ba. Koci Gregg Popovich, wanda Udoka ya buga wa a ƙungiyar San Antonio Spurs, ya ɗauke shi mataimaki a 2012, suka ci kofin NBA a 2014, ya yi shekara 7 a ƙarƙashinsa kafin ya wuce Philadelphia da Brooklyn. Da Boston Celtics ta naɗa shi babban koci a 2021, ya kai ta wasan ƙarshe a shekararsa ta farko, inda Golden State ta doke su, ta ci wasa 4 su kuma suka ci 2.

Kocin namu bai ɓoye wa yaron sauran ba, kuma na yaba masa da hakan: a Satumbar 2022 Boston ta dakatar da Udoka saboda keta dokokin ƙungiya, aikin ya kuɓuce masa. Houston ta ɗauke shi a 2023 tana da nasara 22 a kakar da ta gabata, ya kai ta 41, sannan 52.

Ni dai na ce da Koci kwatancen bai cika daidai ba, domin Udoka ya samu manyan da suka riƙe hannunsa da albashin da ya ba shi damar koyo, shi kuwa da kuɗin aljihunsa yake sayen ƙwallo. Bai musa ba, amma ya tuna mini cewa a garin nan Masai Ujiri ya tashi, a hannun Koci Oliver Johnson na Jami'ar Ahmadu Bello, kuma Ujiri ne shugaban ƙungiyar Toronto Raptors lokacin da ta ci kofin NBA a 2019. Abin da ya fi damunsa, in ji shi, rashin takardar shaidar horarwa ne, wadda in babu ita ba a cika sauraren mutum a hukumar wasanni ba. Yana da niyyar neman gurbi a Cibiyar Wasanni ta Ƙasa da ke Legas, ya kuma roƙe ni in taya shi tsara wasiƙar neman hutun karatu daga wurin aikinsa. Mun yi da shi zai kawo mini takardunsa gobe bayan Azahar.