Kakina ya ƙare a Kwangwalam

Shekarar da aka ɗora mini aikin tuntuɓar takwarorinmu jami'an tsaron Nijar, ɗauka na yi an jingine ni. Daga sashen binciken manyan laifuka na fito, inda namiji shi ne wanda ya kamo ɓarawo da hannunsa, sai ga shi an miƙo mini waya da wani tsohon littafin lambobi, wai aikina magana. Abokan aiki a Daura har tsiya suke mini, suna kirana ɗan aike.

Ban yi wata biyu ba aka sace Hilux ɗin wani ɗan kasuwa da asubahi. Muka bi sawu ta Mai'aduwa har Kwangwalam da ke bakin iyaka, aka tabbatar mana motar ta bi ta daji ta faɗa wancan ɓangaren. Ga Ɗan Barto, garin farko na Nijar, can muna hange, jinina yana tafasa, na ce wa direba ya taka mu tsallaka. Wani tsohon sufeto da ya kusa ritaya ya dafa kafaɗata ya ce, "Yallaɓai, yi haƙuri. Daga wancan shingen kakinka riga ce kawai, bindigarka kuma laifi ce." Na ji haushinsa ranar. Amma gaskiya ya faɗa, kuma duk aikin jami'in tuntuɓa a kan wannan maganar yake zaune: ba ka da ikon kama kowa a ƙasar da ba taka ba, iyakarka ka sa masu ikon su motsa.

Mutane da yawa, har da wasu masu kaki, suna zaton Interpol, ƙungiyar haɗin kan 'yan sandan duniya, wata runduna ce mai jirage da ke dira ta cafke mutum. Hedikwatarta tana Liyon a Faransa, asalinta tun 1923 a Biyana, amma ba ta da ɗan sanda ko ɗaya da ke kame. Kowace ƙasa tana da ofishinta na ƙasa, namu yana Abuja, kuma ta nan saƙo ke shiga ya fita a kan hanyar sadarwarsu da ake kira I-24/7. Ko jar sanarwar nan ta neman mutum da Interpol ke fitarwa, wadda ake tsoro, ba sammacin kamu ba ce, roƙo ne ga ƙasashe su nemo mutum su tsare shi, kowace kuma da dokarta za ta yi aiki. Lambar jikin motar nan mun aika ta shiga rumbun motocin sata, kuma daidai ne a yi haka. Sai dai takarda ta tashi daga Daura zuwa Katsina, ta je Abuja, ta sauka Yamai, sannan ta gangaro Damagaram, alhali motar tana wani gareji da bai fi tafiyar awa ɗaya daga inda nake tsaye ba. Wannan giɓin ne aka ajiye ni in cike.

Kuma a nan na fara yin kwaɓa. Na rubuta wasiƙa mai kyau da Turanci, na buga hatimi, na aika wa 'yan sandan gari. Kwana huɗu shiru. Ashe ƙauyen da aka ɓoye motar ba hurumin polis ba ne, na jandarma ne, domin a tsarin da suka gada daga Faransa polis na riƙe da birane, jandarma na riƙe da karkara da manyan hanyoyi, ga kuma 'yan duwan, wato kwastan, da nasu ikon a kan kaya. Da na isa wurin kumandan ɗin jandarma, dariya ya yi ya ce, "Ɗan'uwa, da ka kira ni da Hausa tun ranar, da yanzu mai mota yana cikin motarsa." An samo ta, amma an riga an kwance gilasai da batir da tayoyi biyu.

Hausar ma da muke taƙama ta haɗa mu, sai da na sake koyonta. Wata rana muna ɗaukar bayanin wani da aka damfara a cinikin shanu, ya ce an karɓe masa jaka ɗari biyar. Na rubuta naira dubu ɗari, tunda a wurinmu jaka naira ɗari biyu ce. Takwarana ya leƙo takardar ya girgiza kai: a wurinsu jaka sefa dubu ce, mutumin sefa dubu ɗari biyar yake nufi. Da wannan takardar ta je gaban alƙali haka, lauya ɗaya ya isa ya wargaza ta. Haka sunaye. Usmanu namu shi ne Ousmane nasu, Abubakar ya koma Aboubacar, Muhammadu ya zama Mahamadou. Ka buga ɗaya a kwamfuta ta ce babu shi, alhali mutumin yana ciki da ɗaya rubutun. Tun daga nan ba na aika suna sai da rubutu biyu ko uku, da sunan uwa, da laƙabin da aka san shi da shi a tasha.

Abin da ya fi ɗaukar mini lokaci shi ne gane cewa amana ba ranar buƙata ake nemanta ba. Idan kullum kai ne mai roƙo, wata rana wayarka za ta yi ta ƙara ba a ɗauka. Sai na koyi fara bayarwa: yaronsu ya ɓata an gan shi a tashar Daura, in tashi da kaina, babur ɗinsu ya shigo kasuwa, in sanar tun kafin su tambaya. Na je gaisuwar mutuwa Matamaye, na je suna Magarya, kuma ba na lissafa wannan a wajen aiki. Turawan da ke zaune a ofisoshin jakadancinsu a Abuja, irin wakilan FBI na Amurka da na hukumar yaƙi da manyan laifuka ta Ingila, ainihin abin da suke yi ke nan, sai dai su da kwat da liyafar cin abinci, mu da goro da shayi a gindin bishiya.

Amma zumunci yana da tarkonsa, kuma na kusa faɗawa. Idan kun saba, abu ne mai sauƙi a ce, "Ga mutuminku nan, zo shinge da dare ka ɗauka." Babu takarda, babu sa hannu. Sau ɗaya aka yi mini wannan tayin a kan wani da muka daɗe muna nema, kuma wallahi raina ya so. Yarjejeniyar da ƙasashen ECOWAS suka sa wa hannu a Akara a 2003 ta yarda 'yan sanda su miƙa wa 'yan sanda wanda ake zargi, amma da amincewar hukumomin shari'a, ba a ɓoye ba. Na ce a jira mai gabatar da ƙara ya sa hannu. Kwana tara muka yi, mai ƙara yana zuwa ofis kullum yana kallona kamar na ci kuɗi. Da aka zo kotu, tambayar farko da lauyan wanda ake tuhuma ya yi ita ce ta yaya aka shigo da shi Najeriya. Na miƙa takardar, ya duba, ya zauna. Ni a ganina jami'in da ke gajarce wannan hanyar ɓarawon yake yi wa aiki, ko da bai sani ba.

Na bar aiki kafin juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 da rufe iyakar da ya biyo baya, kafin kuma Nijar da Mali da Burkina Faso su fice daga ECOWAS a Janairun 2025. Wanda ya gaje ni yakan zo gida mu zauna a zaure, ya ce, "Baba, yanzu kowa tsoron sa hannu yake yi." Ɓarayin shanu da masu garkuwa da mutane da ke yawo tsakanin Jibiya da Maraɗi kuwa ba su taɓa neman izinin kowa ba.

Kwanakin baya wanda ya gaje nin nan ya zo da maganar wata yarinya da aka yaudara aka tsallaka da ita. Na shiga ɗaki na ɗauko tsohon littafin nan, bangonsa duk ya yage, na nemo lambar kumandan. Shi ma ya yi ritaya, yana noma a wajen Damagaram. Muka gaisa, ya tambayi iyali da ciwon gwiwata, sannan ya ce in ba yaron wayar, akwai wanda ya horar da ke riƙe da wannan yankin yanzu.