Abin da zama a Makhanda ya koya mini

Karatu ne ya kai ni Jami'ar Rhodes, a lardin Istan Kef na Afirka ta Kudu. Daga filin jirgin Gqeberha zuwa garin tafiyar kusan kilomita 130 ce a mota. Duk mai zuwa ya riƙe sunaye uku a ka: takardun hukuma na cewa Makhanda, direbobi da yawa har gobe Grahamstown suke faɗa, 'yan ƙabilar Xhosa kuma Rhini suka saba da shi.

Kanar John Graham na sojojin Birtaniya ne ya kafa garin a 1812 a matsayin sansanin soja, bayan ya fatattaki Xhosa daga yankin da ƙarfin bindiga. A watan Afrilun 1819 Makhanda, wani jagoran Xhosa da ake kira Nxele, ya jagoranci dubban mayaƙa suka auka wa sansanin. Aka yi wa mayaƙan nasa mummunar ɓarna. Daga baya ya miƙa kansa, aka tsare shi a tsibirin Robben, ya nutse a teku garin guduwa. A 2018 gwamnati ta sauya wa garin suna daga Grahamstown zuwa Makhanda. Ni dai ina ganin an yi daidai, don ba ƙaramin ciwo ba ne jikokin waɗanda aka kora su riƙa rubuta sunan wanda ya kore su a adireshinsu.

Sai da na taka da ƙafa na gane garin. Daga ƙofar jami'a, High Street ta miƙe sambal zuwa babbar majami'a mai dogon hasumiya, ga tsofaffin gine-gine, ga jakuna suna yawo abinsu a bakin titi. Da ka gangara gabas ka wuce Egazini, filin da aka gwabza yaƙin, sai ka shiga Fingo da Joza, inda akasarin jama'a ke zaune cikin rashin aiki. Na ga mata a layi da jarkoki ranar da famfo ya ƙafe. Sauya suna bai taɓa wannan rabuwar ba tukuna, kuma ita kanta jami'ar, wadda aka kafa a 1904, majalisarta ta zaɓi ci gaba da sunan ɗan mulkin mallaka Cecil Rhodes a 2017.

Wanda zai zo bikin fasaha na ƙasa, da ake yi tun 1974 a tsakanin Yuni da Yuli, ya kama masauki da wuri, ya zo da rigar sanyi mai kauri, don lokacin hunturunsu ke nan. Ya kuma riƙa ajiye ruwa a ɗaki.