Shadda Ba Zare Ba Ce: Sanin Yadi Kafin Ɗinki da Wanki

Yawancin asarar da ake yi a tufafi tun daga shago take farawa, domin da suna muke saye. Mutum ya shiga babbar kasuwar Katsina, ko ya je Mai'aduwa ran Lahadi, ya ce a ba shi shadda, ko boyel, ko atamfa. Waɗannan duk sunayen saƙa ne da ado. Abin da zai nuna ko rigar za ta yi zafi, ko za ta tsuke, ko za ta jure dutsen guga, shi ne zaren da aka saƙa ta da shi. Akwai shadda ta auduga zalla, irin ta Getzner da ake yi a Ostiriya, akwai kuma mai kama da ita sak a ido wadda rabinta ko fiye zaren roba ne, irin su foliyesta.

Auduga tamu ce. Funtuwa, Malumfashi, Bakori da Faskari sun daɗe suna noma ta, kuma har yanzu akwai tsofaffin da suka san gurza da shiɓa da kaɗi da mazari. Silin auduga yana shan ruwa: ko a bushe yana riƙe da danshi kusan kashi 8 cikin 100 na nauyinsa, alhali foliyesta ba ta kai ko kashi 1 ba. Wannan shi ne bambancin da jiki ke ji a watan Afrilu, lokacin da zafin Katsina ke haura digiri 40. Auduga ta tsotse gumi ta sake shi a iska, foliyesta ta bar shi kwance a fata. Auduga kuma tana ƙara ƙarfi idan ta jiƙe, shi ya sa take jure cuɗa da ruwan zafi. Aibinta uku ne: yamutsewa, tsukewa, da funfuna idan an ninke ta da danshi.

Tsukewar ce ke haɗa mutane faɗa da tela. A masaƙa ana ɗaure zaren tsaye da ƙarfi, to ranar da ruwa ya fara taɓa shi sai ya saki ya koma yadda yake. Yadin auduga da ba a riga an tsuke shi a kamfani ba yakan ragu da kashi 3 zuwa 5 cikin 100, galibi a tsawo. A kaftani mai inci 50, inci biyu ke nan sun tafi. Maganin mai sauƙi ne: a jiƙa yadin a ruwa zalla na awa ɗaya, a shanya a inuwa, a goge, sannan a kai ɗinki. Shadda mai tsada ba a yi mata haka saboda ƙyallinta, sai dai a ce wa tela ya bar rarar inci ɗaya ko biyu a kalmasa. Haka kuma idan za a sa wa rigar auduga shafi na roba: saman zai tsuke, shafin ba zai tsuke ba, sai ka ga yana leƙowa ta ƙasa.

Foliyesta da nailan daga sinadaran man fetur ake yin su. Nailan ya fito a Amurka a 1935, foliyesta a Ingila a 1941. Ban ga dalilin raina su ba. Kayan makaranta da za a wanke da yamma a sa da safe, hijabin yau da kullum, labule, gidan sauro, duk nan sun fi auduga: ba sa tsukewa, launinsu na daɗewa, kuma ba sa buƙatar guga sosai. Yadin da aka gauraya, kashi 65 foliyesta da 35 auduga, shi ya fi dacewa da yunifom. Amma foliyesta tana son maiƙo. Man shafawa, manja, turare mai mai da maiƙon gumi duk suna shiga cikinta su zauna, shi ya sa riga kan fito daga wanki fes, da an sa ta jiki ya ɗumama ta sai tsami ya taso a hammata. A ɗiga sabulun wanke-wanke na ruwa a wurin, a murza da yatsa, a bar shi minti 15, sannan a wanke da ruwa mai ɗumi.

Akwai na tsakanin auduga da roba da ke ruɗin mutane, wato biskos ko rayon, wanda ake samu a yawancin dogayen riguna masu laushi da mayafai. Daga itace ake narko shi a masana'anta. Yana da sanyi a jiki kamar auduga, amma da ya jiƙe sai ya rasa kusan rabin ƙarfinsa. Wadda ta murɗe shi wajen matsewa, ko ta rataye shi yana ɗigar ruwa, za ta tarar ya ja gefe guda ko ya ɓarke a ɗinki. Matsa shi ake yi a hankali tsakanin tafin hannu.

To yaya za a gane zaren, tunda ba kowane bandir ke da takarda ba, kuma mai shago ma wani lokaci abin da aka faɗa masa a Kantin Kwari yake maimaitawa? A nemi ɗan ƙyalle, a zaro zare kaɗan daga tsaye da kuma kwance, domin sau da yawa ba iri ɗaya ba ne. A riƙe da hantsaki a kan faranti, da ruwa a kusa, a kusantar da ashana. Auduga na kamawa nan take, tana warin ƙonanniyar takarda, ta bar toka mai laushi da ke bajewa a yatsa. Biskos ma haka yake yi, sai gwajin jiƙawa ke raba su. Foliyesta tana janyewa daga wutar, ta narke, ta yi baƙin hayaƙi, ta bar ƙullutu mai tauri da ba ya murƙushewa. Ulu da siliki na gaske, har da zaren tsamiya da ake yi wa manyan riguna aiki da shi, warin ƙonannen gashi suke yi, kuma ƙullutunsu na zama gari idan an murza. Idan aka ga toka da ƙullutu tare, gauraye ne.

Wannan narkewar ba ƙaramin abu ba ne a gida. Hijabin roba kusa da murhu ko risho, idan ya kama, manne wa fata yake yi. Mai girki gara ta ɗaura zanen auduga, haka ma yara masu jin ɗumi da hunturu. Idan tsautsayi ya faru, a yi ta kwarara ruwa mai sanyi na minti 20, kada a ɓamɓaro abin da ya manne, a tafi asibiti. Ƙananan hujojin da ake gani a abaya kuwa, galibi tartsatsin kaskon turare ne, sai a ɗaga kayan nesa da garwashi.

Guga ma lissafin zafi ne. Hoton dutsen guga a takardar wuyan riga yana da ɗigo: ɗaya digiri 110 ne, na nailan da akirilik (wani zaren roba), biyu 150, na ulu da yawancin foliyesta, uku 200, na auduga da lilin. Dutsen gawayi ba shi da ma'auni, don haka a fara da kayan auduga yana da zafi, a bar na roba sai ya huce, a kuma shimfiɗa farin ƙyalle a kai. Ƙyallin da ke fitowa a baƙin wando bayan guga zare ne ya fara narkewa ya kwanta, kuma ba ya gyaruwa. Shadda kuwa masu bugu sun fi dutse iya ta, domin duka a kan gungume na lallatsa zaren ya dawo da sheƙin da ruwa ya cinye, ba tare da ƙuna ba.

A wajen wanki, abin da ya fi kashe kaya shi ne bilic. Farar auduga tana ɗaukar sa idan an tsarma, kamar murfin kwalba ɗaya a bokiti, jiƙon minti 10, sai ɗauraya sosai. Ulu da siliki cinye su yake yi, yana kuma kashe robar da ke sa kaya miƙewa. Kada a taɓa haɗa shi da wani sinadarin wanki, iskar da ke tashi tana iya zama guba. Gishirin da ake zubawa wai don hana atamfa zuba ba ya kama launin da bai kamu ba tun daga rini. Abin da ke taimakawa shi ne wanke ta ita kaɗai da ruwan sanyi, ba jiƙo, a juya ta a shanya a inuwa. Rinin baba ma a saman zare yake zama, dole ya riƙa shafa jiki a farko. Inda ruwan rijiya ke da zartsi, sabulun sanda na haɗuwa da shi ya zama dusar da ke dusashe fararen kaya, nan garin omo ya fi.

Sitaci na auduga ne, a roba zamewa yake ya yi fari-fari. Cokali 2 na garin sitacin rogo, a dama da ɗan ruwan sanyi, a sheƙa tafasasshen ruwa lita 1 ana juyawa har ya yi garau, a tace, a ƙara ruwa gwargwadon taurin da ake so. Idan bai dahu ba, shi ke barin dabbare-dabbare a shadda mai duhu.

Kayan sallah da za a adana watanni kada a sa musu sitaci, abincin kyankyasai ne. A wanke, a tabbatar sun bushe ƙayau, a naɗe a tsohon zanen auduga maimakon leda, wadda ke tara danshi da damina. Bargo da suwaita na ulu su asu ke nema, musamman masu datti, sai a wanke su da ruwan sanyi ba cuɗa, a shanya a kwance, a ajiye da kafur a akwati mai rufuwa sosai, inda hannun yara ba zai kai ba.