Awannin da suka ci mini shekara guda a wurin aiki

Duk matan da suka ba ni shawara lokacin da nake ɗauke da cikin fari a kan jego da shayarwa suka tsaya, kamar dai da zarar an yaye yaro wahalar ma'aikaciya ta ƙare. Wannan ɓangaren bai ba ni wuya sosai ba. A wata ma'aikatar tarayya nake aiki, a sashen kuɗi, kuma a lokacin dokokin aikin gwamnatin tarayya sun ba mace hutun haihuwa na mako 16 da cikakken albashi, sannan idan ta koma ana ɗauke mata awa biyu a kullum har tsawon wata shida domin shayarwa. Ƙawayena da ke kamfanoni ba su sami wannan gata ba, domin Dokar Ƙwadago mako 12 ta tanada, kuma rabin albashi kawai ta wajabta a biya. Na yi wankan jego a gidanmu a Gwale, na koma ɗakina bayan arba'in.

Abin da babu wadda ta ambata mini shi ne awannin da ke tsakanin tashin yara daga makarantar boko da tashina daga ofis. Ana tashin yarana wajen ƙarfe biyu saura, Islamiyya tana farawa bayan la'asar, ni kuma sai ƙarfe huɗu nake rufe littafi, sannan in shiga cunkoson titin Zariya kafin in isa Naibawa. A cikin wannan ɗan tsakani dole wani ya karɓe su, ya ba su abinci, ya tabbatar sun yi salla, ya sauya musu kaya, ya tura su Islamiyya. Ranakun Alhamis da Juma'a, da babu Islamiyya, tsakanin yana ƙara tsawo.

Yarinya guda ce take riƙe da waɗannan awanni gaba ɗaya. Wata mata mai kawo 'yan aiki ce ta kawo mini ita daga wani ƙauye, kuma a hannun matar nake biyan kuɗin aikinta duk wata. Yarinyar tana da hankali da tsafta, yarana sun shaƙu da ita, har na saki jiki na fara zama a ofis bayan an tashi ina karatun jarrabawar ƙarin girma. Da Babbar Salla ta zo ta tafi gida ganin iyaye kamar yadda ta saba, na haɗa mata ɗinki da tsaraba, ba ta dawo ba. Ashe an riga an sa mata ranar aure, kuma matar da ta kawo ta ta san da haka tun da daɗewa, ta yi shiru don kada in nemi wata a wani hannun. Ban ga laifin yarinyar ba ko kaɗan. Shirun matar nan ne har yau idan na tuna raina yake ɓaci.

A makon da ya biyo bayan Salla aka sa jarrabawar, kuma a wajen Kano za a rubuta ta. Maigidana ya yi tafiyar saro kaya, mahaifiyata tana fama da ciwon ƙafa, ga zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da ƙaramin ɗana. Ban je ba. Wanda ba ya aikin gwamnati zai ga kamar ƙaramin abu ne, amma a ƙa'ida ma'aikacin da ke tsakanin mataki na 7 zuwa na 14 sai ya shekara uku a kan mataki kafin a kira shi jarrabawa, kuma idan ta wuce shi sai wata shekarar. Waɗanda muka kama aiki rana ɗaya suka haye mataki na 10 suka bar ni a na 9, aka ba ɗayansu shugabancin ɓangaren da nake, na koma ina kai masa takarda ya sa hannu.

Daga baya surukata ta ji labari, ta kira ni ta ce, “Ke kuwa me ya hana ki kawo mini su? Ina ce jikokina ne?” Na ce, “Hajiya, na ga ba ki daɗe da tashi daga jinya ba.” Ta ce wannan ba hujja ba ce. Kunyar suruka abu ne mai kyau, amma a wannan karon tsadarta ta kai shekara guda ta ƙarin albashi da matsayi, kuma duk wadda ta nemi shawarata yanzu ina gaya mata ta zauna da dangin mijinta tun lafiya lau, a san wa za a kira ranar da abu ya taso.

Ban sake ɗora gidana a kan yarinya ƙarama ba. Wata dattijuwa ce a layinmu, da muke kira Inna, take karɓar yaran yanzu. Kuɗinta ya fi na 'yar aiki, amma a hannunta nake sawa, tana da gidanta, kuma idan za ta yi tafiya tana faɗa mini tun da wuri. Akwai ɗan adaidaita sahu da muke biya duk wata, wanda kuɗinsa ya yi tashin gwauron zabo tun da aka cire tallafin man fetur a 2023, amma mun haɗu da maƙwabta biyu muna raba nauyin. Bayan waɗannan akwai Hajiya, kuma kowannensu yana da lambar wayar sauran. Kafin kowace Salla da kowane hutun makaranta nakan tambayi kowa shirinsa, domin a irin waɗannan lokutan ne tsari yake warwarewa.

Alhamis da Juma'a kuwa na maigida ne, shi yake baro shago a Kantin Kwari ya zauna da su har in dawo. Sai da muka yi doguwar magana kafin a kai ga haka, kuma ina ganin ganin takardar ƙarin girman abokan aikina ne ya sa ya fahimci abin da aka rasa. Yana yi da zuciya ɗaya, ina kuma gode masa. Sai dai mutanen unguwa har yau suna yaba masa a gabana, wai ya taimaki matarsa, alhali yaran nan sunansa suke amsawa a makaranta.

Na rubuta jarrabawar a shekarar da ta biyo baya, na kuma ci. Amma jerin girma a aikin gwamnati yana bin ranar da mutum ya hau mataki ne, don haka waɗancan abokan nawa za su riga ni zuwa jarrabawa ta gaba, da wadda ke bayanta.